'Yar Takarda Tsakanin Giya Biyu

Ku da kuka cika min waya da tambayar ko na ba Abba amsa, ku yi haƙuri, ban ba shi ba tukuna. Amma abin da ya faru a falonmu ranar Asabar ya fi ƙarfin in riƙe shi a ciki, don haka ku gyara zama. Wanda kuma yau ya fara biyo ni, ga zancen a taƙaice. Ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a shagon tabarau. Gwaggo, yayar Abba, ta ɗauki zamana a gida tamkar ciwon kai, kullum tana neman maganinsa. Wata huɗu da suka wuce ta samo min wani lauya, ɗan maƙwabciyarta. Abba ya ce ba zai matsa min ba, amma yana son jin e ko a'a kafin watan nan ya ƙare.

Kada in ɗauki alhakin bawan Allah, Barista ba shi da abin kushewa. Dogo ne, ga tsafta, gugar rigarsa kamar za ta yanke ka, kuma bai taɓa makara ko na minti biyar ba. Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai: tunda muka haɗu ban taɓa jin ya ce bai san abu ba. Ka tambaye shi hanya, ba matsala. Ka kawo zancen ciwon ƙafar Umma, ba matsala, ya san maganin. Har a wayata Malam Ba Matsala na sa masa. Ni kuwa abin da ke cina shi ne in ga yadda fuskarsa take in abu ya gagare shi. Fushi yake yi? Ɗora wa wani laifi yake? Ina jin tsoron in shiga gidan mutum ban san wannan ba.

To, ga inda jirgi ya shigo cikin zancen.

Abba ya yi shekara talatin da biyar yana gyaran agogo da keken ɗinki da injin buga takardu. A shagonsa na tashi. Tun ina 'yar shekara shida nake tsince masa noti a ƙasa, kafin in kai goma ina iya rufe ido in faɗa masa agogon da ke jin ƙishin mai. Da ya bar aiki, Yaya, babban wana, ya aiko masa da kwalin ƙaramin jirgi mai saukar ungulu, irin wanda ake haɗawa da hannu a tashe shi da rimot, tsawonsa kamar hannun mutum. Abba ya haɗa gangar jikin, saura giyoyi, wato faya-fayan nan masu haƙora da ke kai ƙarfin inji zuwa farfela, sai ciwo ya kwantar da shi. Ya tashi, alhamdulillahi, amma hannunsa na dama ya koma rawa. Shekara guda ke nan jirgin yana kan teburin falo a lulluɓe da tsohon zanin gado. Sau uku ina cewa in ƙarasa masa, yana ce min in bari hannun ya dawo. Ni da shi duk mun san ba zai dawo ba, ba dai wanda ya furta.

Ranar Laraba Barista ya shigo gaida Abba, iska ta ɗaga gefen zanin, ya hango. Ya tambaya, Abba ya ba shi labari.

"Ai ba matsala, Abba. Ranar Asabar zan zo in haɗa maka shi."

Na ɗauka Abba zai ce a'a kamar yadda yake ce min. Sai ya leƙo ni ta saman tabarau, ya ce, "To, Allah ya kai mu. Auta ta riƙa miƙo maka kaya."

Miƙo kaya! Ni! Na kwashi kofunan shayi na yi kicin.

Ranar Juma'a da yamma saƙonsa ya shigo: "Na kalli bidiyo uku a kan jirgin nan. Ashe abin wasa ne."

Na rubuta, "Babbar giyar ta roba ce, guda ɗaya tal ta rage, kuma sun daina yin irinta." Na goge. Na rubuta, "Ka san tazarar da ake bari tsakanin giya biyu?" Na goge. Daga ƙarshe na tura, "Allah ya taimaka."

Asabar tun da hantsi Gwaggo ta diro da leda a hannu. Ko zama ba ta yi ba ta ja ni ɗaki, ta zazzage min wata doguwar riga ruwan zuma, mai duwatsu a wuya, hannunta kuwa faɗinsa zai ɗauki jariri.

"Gwaggo, da wannan hannun ko cokali ba zan iya ɗauka ba."

"Shi ya sa na zaɓo ta. Ke Auta, ki buɗe kunnenki da kyau. Yau ba ki san komai ba. Ya ce miƙo, ki miƙa. Ya ce kin gani, ki ce ikon Allah. Kin manta wancan na bara?"

Ban manta ba, ba ta bari in manta. Wancan na bara ya zo da abokansa biyu, wuta ta ɗauke, suka yi rabin awa suna jan igiyar janareta har gumi ya jiƙa su. Na fito na buɗe famfon mai da suka manta a rufe, ja ɗaya ya tashi. Daga ranar ko sallamarsa ban ƙara ji ba.

"Ni ban ga asarar da na yi ba," na ce ƙasa-ƙasa.

"Ba za ki gani ba, tunda idonki na kan noti. Ki yi min alkawari."

Umma tana bakin ƙofa, idonta roƙona yake. Ta gaji da gorin dangi, na sani. Na ce na yi alkawari, har cikin raina kuma na yi niyyar cikawa.

Ƙarfe huɗu daidai ya yi sallama. Farar riga ce mai gajeren hannu a jikinsa, ga ƙamshi, ga sabuwar sukundireba ko ledarta bai cire ba. Abba yana kujerarsa kusa da taga. Gwaggo da Umma suka zauna a doguwar kujera kamar masu kallon fim. Na yaye zanin, na jera notuna a farantin ƙwai yadda Abba ya koya min, kowane iri da raminsa, na koma gefe na naɗe hannu.

Ku bar ni in faɗa muku yadda cikin jirgin nan yake, don ku gane abin da ya biyo baya. Akwai ɗan injin lantarki, a kan sandarsa akwai ƙaramar giya ta ƙarfe, ba ta fi ƙwayar wake ba. Ita ke juya babbar giya ta farar roba mai faɗin murfin kofi. Babbar ke juya doguwar sandar da farfelar sama ke zama a kai. Daga nan kuma wani siririn bel mai haƙora yake bi ta cikin bututun jela, ya je ya juya ƙaramar farfelar baya. Shi ke nan. Amma ko'ina akwai inda kuskure yake laɓe.

Gaskiya ya ba ni mamaki da farko. Ya zura sandar cikin boris, zoben ƙarfen da take juyawa a ciki, ba gardama. Ya sa babbar giya, ya juya ta gaba ta kama sandar, ya juya ta baya ta sulale ita kaɗai, yadda ya kamata. Ya ɗiga shuɗin gam a notin da ke shiga ƙarfe, bai ɗiga a na roba ba. Na ce a raina, a'a, bidiyon nan sun fi uku. Na tsaya ina kallon yatsunsa. Dogaye ne, ba su saba da aiki ba, suna riƙe noti kamar za su ba shi haƙuri.

A bel ɗin jela ya fara tuntuɓe. Ana murɗa shi kwata ɗaya kafin a saƙala, shi kuwa ya murɗa ta ɓangaren da ba shi ba. Bakina ya buɗe, Gwaggo ta yi gyaran murya, na rufe.

"Juya sandar da hannu," in ji Abba, "ka ga inda jela take bi."

Ya juya, ya duba hoton littafi, ya ce, "Au, ba matsala," ya gyara. Ya ja bututun baya har bel ya miƙe, Abba ya ce ya danna da yatsa, in gefe ya taɓa gefe ya yi sako-sako. Suka daidaita. Gwaggo ta ce, "Ikon Allah! Barista, ashe har da injiniyanci?" Ta harare ni, ni ma na ce ikon Allah.

Saura aiki ɗaya, wanda ya fi kowanne: a matso da inji har ƙaramar giya ta shiga haƙoran babba, a ɗaure noti biyu. Daidai nan Abba ya jingina kansa da kujera ya lumshe ido. Abban da ko allura ta faɗi a ɗakin nan sai ya ji, wai barci ya ɗauke shi.

Barista ya tsaya. Na ga hannunsa ya nufi aljihun riga, ya fasa. Ya dubi Abba, ya dube ni, na sunkuyar da kai. Sai ya sa babban yatsa ya danna injin cikin babbar giya iya ƙarfinsa, ya ɗaure notin tamau.

"Gara a matse sosai, kada ya kwance a sama," ya ce.

Giya ba a matse ta haka. Sai an bar mata 'yar tazara wadda ido ba ya gani, yatsa ne kawai ke jinta. In ta yi yawa haƙora su zame, in babu ita ƙarfe ya cinye roba. Ya juya giyar da hannu, ta tafi da ƙyar tana turjewa.

"Sabuwa ce, za ta saki," ya ce. "Miƙo batir."

Na miƙa. Wallahi na miƙa, da hannuna, ina kallon Umma. Ban miƙa farfela ba dai, don ba a gwaji da farfela a cikin ɗaki, wannan kam ko Gwaggo ba ta isa ta hana ni ba. Ya jona batir, ya ɗauki rimot, ya tura sandar wuta sama kaɗan.

Kukan da jirgin nan ya yi har yanzu yana kunnena. Wani siririn ihu ne mai shiga haƙori. Na ƙirga ɗaya, biyu, uku, ina ce wa kaina ki yi shiru, kin yi alkawari. A na huɗu na ga farin gari yana sauka a kan baƙin teburin. Giyar Abba ce take zama gari, guda ɗayan da ta rage.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na fizge rimot ɗin daga hannunsa, na mayar da sandar ƙasa, na cire batir.

"Kana kashe ta! Ba ka jin kukanta?"

Gwaggo ta dafe ƙirji. Ni kuwa tunda na riga na ɓata, na ce bari in ɓata gaba ɗaya. Na naɗe hannun rigar nan har kafaɗa, na cire maɗaurin gashi na ɗaure hannun da shi, na taɓa inji, ya yi ɗumi. Na duba haƙoran roba ɗaya bayan ɗaya. Sun goge kaɗan a gefe, ba wanda ya karye.

"Ina son takarda. Irin ta rubutu, ba mai kauri ba."

Can Barista ya sa hannu a aljihun nan, ya fito da wata takarda a ninke, ya miƙo min ba tare da ya dube ni ba. Na buɗe don in yagi gefe, sai idona ya faɗa kan rubutun.

Ciki da baya a cike take da rubutun hannunsa, ƙanana-ƙanana. Mataki na ɗaya har na goma sha tara. Ya zana giya, ya zana bel da kibiya. A sama ya sa Laraba, a tsakiya Alhamis, a ƙasa Juma'a. Kwana uku yana karatun abin da ya ce min na wasa ne. A mataki na ƙarshe ya rubuta "tazarar giya", ya zagaye ta da jan biro, ya jera alamar tambaya uku a gabanta.

Ashe ya san bai sani ba. Ya rubuta a takarda, bakinsa ne ya kasa faɗa, ga ni a zaune kusa da shi da amsar a cikina.

Na yagi siririn yanki daga gefen da ba rubutu. Na sassauta notin biyu, na ja inji baya. Babbar giya ba ta taɓa zama da'ira cif, don haka na juya ta a hankali har na gano inda ta fi tudu, na sa takardar a nan tsakanin giya biyu, na tura inji a hankali har ya cije ta, na ɗaure notin kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan. Na juya giyar, takardar ta fito ta ɗaya gefen. Na ɗaga ta a hasken taga.

"Ka gani? Ta yi lanƙwasa-lanƙwasa, amma ba ta huje ba. In ta yage, an matse. In ta fito sumul, an yi sako-sako. Kawo yatsanka."

Ya kawo. Na riƙe ƙaramar giya, na ce ya motsa babbar. Ta yi wani ɗan ƙis-ƙis da ƙyar ake ji. Muka zagaya ta duka, ko'ina akwai shi. Na jona batir, na tura wuta. Jirgin ya yi wani lallausan gurnani, jela tana juyawa sumul, teburin ko girgiza bai yi ba.

Na ɗago ina murmushi, na manta da kowa. Sai na ga fuskar da na yi wata huɗu ina son gani, kuma ban iya karanta ta ba. Ba fushi ba ne, ba dariya ba ce. Ya ɗauki 'yar takardar mai lanƙwasa daga kan tebur, ya juya ta, ya sa a aljihu. Ya durƙusa ya yi wa Abba sallama, wanda barcinsa ya watse ba wanda ya tashe shi. Shayinsa ko rabi bai sha ba ya fita.

Ƙarar motarsa ba ta gama ɓacewa ba Gwaggo ta fara, ta inda take shiga ba ta nan take fita ba. Na kunyata ta, na kunyata Umma, na daka wa babban lauya tsawa kamar ɗan cikina, ta cire hannunta daga lamarina, in auri sukundireba. Umma tana share hawaye da gefen mayafi, wannan ne ya fi yi min ciwo.

"Yaya, ya isa," in ji Abba. Ya juyo gare ni. "Daƙiƙa huɗu kika yi."

"Abba, na ɗauka barci kake."

"Ƙirgawa nake. Shekara ashirin ina koya miki jin kukan ƙarfe, yau kin ji shi kin yi shiru har daƙiƙa huɗu saboda kada ran wani ya ɓaci. Da kin kai goma, da giyar ta tafi, da ban damu da ita ba kamar yadda zan damu da ke. Haka za ki je ki zauna a gidansa kina jin abu yana lalacewa kina cewa ikon Allah?"

"To kai da ka san haka, me ya sa ka ba shi jirgin?" in ji Gwaggo.

"Ba shi kaɗai nake dubawa ba."

Na shige ɗaki na yi kuka mai isata, ban ma san na mene ne ba.

Lahadi shiru. Litinin shiru. Mutumin da kullum ƙarfe bakwai saƙon barka da safiyarsa ke tashina, ko alamar yana raye babu. Na ce wa kaina ko a jikina, amma a shago sau biyu ina ɗaura wa tabarau hannun hagu a dama. A nan na gane abin da ban so ganewa ba: takardar nan mai alamar tambaya uku ta shiga raina fiye da duk turarensa da gugarsa.

Yau Talata, ana dab da tashi daga aiki, wayata ta yi ƙara. Malam Ba Matsala. Hoto ne. Wani tsohon baƙin keken ɗinki a kwance a kan darduma, cikinsa a waje, notuna a jere a farantin ƙwai, ga yankakkun takardu sun fi goma a warwatse. A ƙasa ya rubuta:

"Akwai matsala."

Dariya ta kufce min har mai shago ya leƙo. Wani saƙon ya biyo:

"Keken Hajiyata ne. Ya daɗe yana ƙara, na ce bari in gwada abin da kika koya min kafin in sake zuwa gabanki. Kwana biyu ke nan ya ƙi komawa."

Na rubuta, "Keken ɗinki ba a yi masa takarda. Mai kawai yake so."

"Yanzu na sani. Ga ta nan, ta ƙwace wayar."

Sai saƙon murya ya shigo. Muryar dattijuwa ce, a nitse, kowace kalma a wurinta.

"Ke ce kika koya wa ɗana kwance-kwance? Keken nan ya girme shi, da shi na ɗinka masa kayan makaranta. Gobe ƙarfe huɗu ina jiranki, ki zo da kayan aikinki. Ki zo ke kaɗai, ban da Gwaggonki."

Sau goma sha ɗaya na saurara, ban gane ko faɗa ne ko wasa ba. Na kai wa Abba ya ji. Ya tashi ya buɗe durowar da ba mai taɓa masa, ya ciro jakar fatar da ya yi shekara talatin da biyar yana zuwa shago da ita, wadda bai taɓa yarda ko Yaya ya ɗauka ba. Ya ɗora min a cinya da hannun nan mai rawa.

"Ki fara duba ƙugiyar zare. Masu kwance keke a nan suke ɓata shi."

Yanzu haka jakar tana kan gadona, kusa da rigar Gwaggo da Umma ta sake gogewa ta ajiye min. Na zaɓi wata shuɗiya mai matsattsen hannu. Ina cikin rubuta muku wannan na kasa daurewa, na tura masa tambaya ɗaya: "Tsakani da Allah, yaya Hajiya za ta karɓe ni?"

Ya fara rubutu ya tsaya, ya sake farawa ya tsaya. Ina riƙe da wayar da hannu biyu har amsar ta shigo.

"Wallahi ban sani ba."